Kwanaki 14 da tsabar azurfa 300: shari'ar wasu abokai biyu masu neman tsoffin kuɗi a Herefordshire

A farkon watan Yuni na shekarar 2015, wasu abokai biyu daga kudancin Wales suka tsallaka zuwa gundumar Herefordshire ta Ingila, kowanne riƙe da na'urar gano ƙarfe da ɗan shebur, suka shiga wata gona a ƙauyen Eye da ke arewa da garin Leominster. Ƙaramin cikinsu bai kai shekara arba'in ba, babban kuwa yana neman hamsin, kuma dukansu sun daɗe suna wannan yawo na neman tsoffin kuɗi a gonakin mutane, wanda dubban 'yan Birtaniya suka mayar abin yi a ranakun hutu. Abin da suka tono a wannan rana ya isa ya wadata su iya rayuwa ba tare da sun taka doka ba. Amma bayan shekara huɗu da 'yan watanni, a kotun Worcester, an yanke wa ɗaya ɗaurin shekara 10, ɗayan kuma shekara takwas da rabi.

Kafin a gane inda suka kauce, sai an san yadda wannan harka take. Na'urar sanda ce mai faifai a ƙasanta, a cikin faifan akwai naɗaɗɗiyar waya da ke aika maganaɗisu cikin ƙasa, idan ya ci karo da ƙarfe sai ya dawo da alama, na'urar ta yi ƙara a kunnen mai riƙe da ita. Ƙwararre yana bambanta kukan ƙusa da na azurfa tun kafin ya sa shebur, duk da haka mafi yawan abin da ake tonowa a yini murfin kwalba ne da gwangwani da guntun garma da kwanson harsashi. Mutum na iya shafe shekara goma bai samu abin da ya wuce maɓallin riga da kwabon zamanin Sarauniya Biktoriya ba. Shi ya sa ba a cika fita a kaɗaice ba, domin aboki yana rage tsawon yini, yana taya duba abin da aka tono, kuma idan sa'a ta zo shi ne shaida. Wannan matsayi na shaida shi ne ya zama jigon lamarin da ake magana a kai.

Dokar Ingila da Wales ba ta hana wannan nema ba, iyaka dai ta gindaya masa sharuɗɗa biyu. Na farko, sai da izinin mai ƙasa, ba na mai haya kaɗai ba. Na biyu yana cikin dokar dukiyar da aka binne ta shekarar 1996, wadda ta ce duk abin da ya haura shekara 300 kuma aƙalla kashi 10 cikin 100 nasa zinariya ce ko azurfa, ko kuma tsabar kuɗi biyu ko fiye masu irin wannan siffa da aka samu wuri guda, wajibi ne a sanar da jami'in shari'a na yankin cikin kwanaki 14. Daga nan kayan sun zama na Masarauta, a ba gidajen tarihi damar mallakarsu, wani kwamiti mai zaman kansa ya ƙiyasta farashinsu na kasuwa, a biya wannan kuɗi lada, wanda bisa al'ada ake raba shi biyu tsakanin wanda ya tsinta da mai gona. Tun 1997 kuma akwai jami'an tuntuɓa a gundumomi, waɗanda aikinsu shi ne karɓar rahoton masu na'ura da rubuta abin da suka samu. Tsarin ba almara ba ne, domin a 2009 wani mai na'ura ya samu tarin zinariyar Staffordshire, aka yi mata kuɗi fam miliyan 3.285, shi da manomin suka raba. Mai karatu da ya zauna gaban malami ya ji babin rikazi, inda ake fitar da humusin dukiyar mutanen da suka shuɗe kuma ake duba haƙƙin mai ƙasa, ba zai ga baƙon abu ba a tunanin cewa tsintuwa irin wannan ba ta mai tsintuwa ba ce shi kaɗai.

Abokan nan biyu sun faɗi a sharaɗin farko tun kafin na'ura ta yi ƙara, saboda izinin da ke hannunsu na masu hayar gona ne, alhali filin da suka tona na wani basarake ne da ba a tuntuɓa ba. Wannan kuskure ne mai gyaruwa. Da sun kai rahoto, da wataƙila an rage musu kaso, an kuma yi musu faɗa, magana ta ƙare a nan. Sharaɗi na biyu ne suka taka da gangan.

Abin da ya fito daga ramin ya haɗa da wani ƙaton zoben zinariya mai kusurwa takwas, da awarwaron zinariya da aka ƙera bakinsa kamar kan dabba tana cizon wutsiyarta, da wani dunƙulen dutse garai-garai kamar ƙanƙara, wanda aka ɗaure da siraran zinariya don a rataya a wuya, da curin azurfa guda ɗaya. Dutsen nan ya girmi sauran kayan da ɗaruruwan shekaru, wato tun a zamanin da aka binne shi ma tsohon abu ne. Sai kuma tsabar azurfa, waɗanda daga baya masana suka ƙiyasta sun kai 300, bisa hotunan da su masu tonon suka ɗauka da waya suna bakin ramin.

Waɗannan tsabar kuɗi su ne ainihin dukiyar, ko da yake a ido ba su kai zoben ɗaukar hankali ba. Kowanne faɗinsa bai wuce santimita biyu ba, siriri ne kamar ɓawon albasa mai kauri, nauyinsa kuma bai kai giram biyu ba. Yawancinsu an buga su ne a shekarun 870, wasu da sunan Alfred sarkin Wessex, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, wasu da sunan Ceolwulf na biyu, sarkin Mercia daga 874 zuwa wajajen 879. A wancan lokaci babu ƙasa ɗaya mai suna Ingila, sai masarautu da mayaƙan Baikin, 'yan jirgin ruwa daga Denmak da maƙwabtanta, ke ci ɗaya bayan ɗaya. A 878 Alfred ya ci rundunar Guthrum, jagoran Baikin, da yaƙi a Edington, rundunar ta ja zuwa Cirencester ta yi kusan shekara guda kafin ta wuce gabas, kuma masana suna ganin a wannan tsakani ne wani daga cikin mayaƙan ya binne kayan nan, bai kuma dawo ya tone su ba. Cikin abin da aka ƙwato har da dirhami ɗaya na ƙasashen Musulmi, abin da ba sabo ba ne a taskokin Baikin, domin azurfar daular Musulunci ta riƙa kaiwa arewacin Turai ta kogunan Rasha, ana auna ta a ma'auni ba tare da kula da rubutun da ke kanta ba.

Tarihin da aka rubuta a fadar Wessex ya yi wa Ceolwulf kallon raini, ya kira shi wawan bafade wanda Baikin suka ɗora a kan gadon sarauta don ya yi musu biyayya, kuma shekara fiye da dubu ana maimaita wannan magana. Sai dai akwai wani samfurin kwabo da masana ke kira Sarakuna Biyu, wanda a bayansa aka zana sarakuna biyu zaune kafaɗa da kafaɗa, wata halitta mai fukafukai ta yi musu rumfa daga sama, zanen da aka kwaikwayo daga kuɗin zinariyar Rumawa na ƙarni na huɗu. Alfred ya buga shi da sunansa, Ceolwulf ma ya buga da nasa. Sarki ba ya haɗa zanen kuɗinsa da na wanda yake ɗauka ɗan amshin Shatan abokan gaba ne, saboda haka kwabon yana nuna cewa akwai ƙawance tsakanin masarautun biyu, wanda marubutan Alfred suka share bayan ƙasar Mercia ta koma ƙarƙashin ikonsa. Kafin 2015, guda biyu kacal na wannan samfuri aka sani a duniya, ɗaya na kowane sarki, kuma da guda biyu ba a kafa hujja mai ƙarfi. A cikin 'yan tsirarun da aka ƙwato daga gonar Eye kaɗai an samu biyar.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa ba jahilci ne ya kai su ba. Cikin 'yan kwanaki suka kai wasu daga cikin kayan wurin wani dillalin kayan da a Cardiff, aka nuna wa masu ido, kuma an faɗa musu ƙarara cewa waɗannan kaya na gidan tarihi ne, a kai rahoto. Ba su kai ba. Maimakon haka sai ƙaramin ya fara fitar da tsabar kaɗan-kaɗan ta hannun wani dillali daga Sussex, wanda ya ɗauki wasu ya kai wani gidan gwanjon tsoffin kuɗi a unguwar Mayfair ta Landan. A nan ne dabarar ta fara warwarewa, domin kasuwar irin waɗannan kuɗi ƙarama ce ƙwarai, masu saye da masu sayarwa sun san juna, sun kuma san adadin kowane samfuri da wanda ke riƙe da shi. Idan abin da aka san biyu ne a duniya ya bayyana a kan tebur tare da 'yan'uwansa, duka da launin ƙasa iri ɗaya a jikinsu, mai ido ba ya buƙatar a gaya masa cewa an tono sabuwar taska ba a faɗa ba. Wannan shi ne abin da suka kasa hangowa: tsadar kayan da wuyar sayar da su a ɓoye abu ɗaya ne ya haife su, wato ƙarancinsu.

Raɗe-raɗi ya bazu a tsakanin masu na'ura har ya kai kunnen jami'in tuntuɓa na Herefordshire, ya rubuta musu yana tunatar da su abin da doka ta ce. Bayan kusan wata guda da tonon, lokacin da kwanaki 14 suka riga suka wuce, suka kai kayan zinariyar uku gidan tarihi na ƙasa da ke Cardiff, kowannensu kuma ya miƙa kwabo ɗaya, suna cewa a wurare dabam-dabam suka same su, domin a lokacin kwabo ɗaya tilo ba ya shiga ƙarƙashin dokar. Wannan ƙarya ce ta wanda ya san doka sarai. 'Yan sandan West Mercia suka kama su a watan Agusta, suka karɓe wayoyi, masu bincike suka dawo da hotunan da aka goge, sai ga ramin, ga tsabar azurfa jibge da ƙasa a jikinsu. A gidan dillalin Cardiff kuwa an samu guda biyar a ɓoye cikin kuben gilashin ƙara girman rubutu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ramin ma su da kansu suka ɗauki hotonsa.

An ɗauki shekara huɗu kafin a gurfanar da su, aka yi makonni ana sauraren shaidu, a watan Nuwamba na 2019 aka same su da laifin sata da haɗa baki wajen ɓoye dukiyar da aka samu ta hanyar laifi. Ya kamata a lura da wannan, domin rashin kai rahoto kaɗai hukuncinsa bai wuce ɗaurin wata uku ko tara ba. Abin da ya mayar da wata uku shekara 10 shi ne sayar da abin da ba nasu ba. Dillalin Sussex ya samu shekara biyar, na Cardiff kuma aka yi masa ɗaurin talala. An ƙiyasta darajar taskar da aƙalla fam miliyan 3, wasu ƙiyasce-ƙiyascen ma sun kai miliyan 12 idan aka haɗa da abin da ya ɓace. Alƙali Nicholas Cartwright ya faɗa musu cewa da sun bi hanya, mafi ƙarancin abin da kowannensu zai samu shi ne fam dubu 500, amma suka so fiye da haka. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin zuwa shekara shida da rabi da kuma shekara biyar, sai dai a ƙarshen 2022 aka umarci kowannensu ya biya kimanin fam dubu 600 ko ya ƙara shekara biyar da wata huɗu a kurkuku. Garin neman ƙiba aka samo rama: kuɗin da aka ce kowanne ya biya ya ɗara wanda alƙali ya ce da an ba shi.

A ganina, wurin da ya fi cancantar a tsaya a yi nazari shi ne matsayin babban abokin. Ba baƙo ba ne ga jami'an gidan tarihi, ya sha kai musu abubuwan da ya samu a baya ana rubutawa, ya san ofishin, ya san takardar da ake cikawa. Hujjojin da aka gabatar sun nuna ƙaramin ne ke kan gaba wajen cinikin, shi ya sa ma hukuncinsa ya fi tsawo. Amma doka ta ɗora wa kowane mai tsintuwa nauyin kai rahoto a karan kansa, kuma kiran waya ɗaya daga babban, a kowace rana cikin kwanakin nan 14, da ya tsirar da su duka biyun, ya tsirar da taskar. Me ya hana? Ba sai an tona zuciyar mutum ba kafin a gane irin matsin. Kai rahoto a bayan idon aboki yana kama da cin amana, musamman idan tare aka sha ruwan sama da taɓo shekara da shekaru, kuma kowace rana da ta wuce ana shiru tana ƙara wa maganar nauyi, domin wanda ya zo a rana ta 20 sai ya amsa tambayar inda yake tun rana ta farko. Ƙungiyoyin masu na'ura suna ba da shawarar a rubuta yarjejeniya da mai gona tun kafin a shiga fili, a kan izini da yadda za a raba lada. Irin wannan magana ta fi wajaba tsakanin abokan neman su kansu, a yi ta a lokacin da aljihu ba komai sai murfin kwalba, domin ba a bakin rami mai azurfa ake fara shawarar abin da za a yi da azurfa ba.

Asarar da kotu ba ta iya ƙiyastawa da fam ita ce ta ilimi. Taska a wurin masanin tarihi kamar wasiƙa ce, ma'anarta tana cikin haɗuwar kalmominta. Kwabo mafi sabunta a ciki shi ke nuna shekarar da aka binne ta, yawan kuɗin kowane sarki yana nuna inda mai ita ya bi, sunayen maƙeran da ke bayan kowane kwabo suna nuna garuruwan da aka buga su da wanda ke iko da garin a lokacin. Ko yadda kayan suke kwance a ƙasa yana faɗin wani abu, ko a jaka suke ko a tukunya, ko sau ɗaya aka zuba su ko sau da yawa. Da aka kwashe su da hannu cikin gaggawa aka cike ramin, wannan shafi ya yage, da aka watsa su a kasuwa kuma sai aka bar masana da kalma ɗaya cikin goma.

Abin da ya ƙara fito da girman ɓarnar shi ne wani lamari da ya faru a shekarar nan dai. A watan Oktoba na 2015, wani mai na'ura ya ci karo da irin wannan taska kusa da Watlington a gundumar Oxfordshire, ta zamani ɗaya, mai kuɗin sarakunan nan biyu. Da ya ga abin ya fi ƙarfin shebur ɗinsa sai ya dakata ya kira jami'an tuntuɓa, aka zo aka yanko ƙasar dunƙule guda aka kai Gidan Tarihi na Birtaniya, aka warware ta a hankali a ɗakin bincike. An samu tsabar kuɗi kusan 200, ciki har da 13 na samfurin Sarakuna Biyu, da curin azurfa da kayan ado. A 2017 gidan tarihi na Ashmolean da ke Oxford ya mallake ta a kan fam miliyan 1.35, aka raba ladan tsakanin mutumin da mai gonar. Mafi yawan abin da aka sani yau game da ƙawancen Alfred da Ceolwulf daga wannan taska ya fito, ga shi kuwa ta Herefordshire ta fi ta yawan tsaba.

Maganar ba ta tsaya a kan mutum huɗun farko ba. A watan Mayu na 2019 'yan sandan Durham, a can arewacin Ingila, suka yi shigar burtu a matsayin wakilan wani mai saye daga Amurka, suka kama wani mutum a otal ɗauke da irin waɗannan tsabar kuɗi guda uku, bincike kuma ya kai su ga wasu a wani gida a Lancashire, jimilla 44, waɗanda aka yi wa kuɗi fam dubu 766. Gareth Williams, masanin kuɗin wancan zamani a Gidan Tarihi na Birtaniya, ya duba su, kuma ra'ayin masana shi ne daga gonar Eye suka fito. A 2023 aka ɗaure mutum biyu shekara biyar da wata biyu kowanne saboda yunƙurin sayar da su. Su ma abin da ya ci na farko ne ya ci su, domin masanin da suka tuntuɓa a Amurka ya nuna wa takwarorinsa na Birtaniya hotunan, labari ya kai ga hukuma.

A 2022 hukumar gidajen tarihi ta Herefordshire, da taimakon asusun tallafi da gudummawar jama'ar gundumar, ta tara fam 776,250 ta mallaki kason farko da aka ƙwato, wato zoben da awarwaron da dutsen wuya da curin azurfa da tsabar kuɗi kimanin 30. Idan aka haɗa da 44 na Durham, abin da ya dawo hannu bai kai 80 ba cikin 300. Fiye da 200 suna nan a wani wuri, a aljihun tebur ko a wani sabon rami, a hannun mutanen da ba za su iya kai su gwanjo ba, ba kuma za su iya nuna wa wanda ya san darajarsu ba.